Amsoshin Tambayoyinku: Masaƙa Mai Bene da Mugun Zare

Tambayoyin wannan makon duk a gindin masaƙa suka haɗu, don haka bari in kwashe su gaba ɗaya.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce ya ga bidiyon wata irin saƙa ta ƙasar Sin: mutum ɗaya na zaune a ƙasa yana jefa ƙoshiya, wato ɗan katakon nan mai ɗauke da zare da ake wurgawa tsakanin zaren tsaye, wani kuma ya ɗare can sama kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa, yana jan igiyoyi, sai ga furanni masu launi iri-iri suna fitowa a jikin yadin. Ya ce: "Malam, mene ne sunan wannan abin da Hausa?"

Ɗana, masaƙa ce. Amma na san ba wannan kake nema ba. Bahaushe bai yi saƙa da irinta ba, shi ya sa bai raɗa mata suna na daban ba, kuma wannan ba gazawar harshe ba ce. Kafin mu nema mata suna, sai mu san aikin da wancan na sama yake yi.

A masaƙarmu ta maza, allira biyu ce. Wasu na cewa andira. Aikinta raba zaren tsaye gida biyu: masaƙi ya taka da ƙafar dama rabi ya ɗaga, ya wurga ƙoshiya ta tsakani, ya buga da matsefi, ya taka da hagu ɗaya rabin ya ɗaga. Da wannan ana samun fari, ana samun ratsi-ratsi, ana samun saƙi mai ɗigo-ɗigo kamar jikin zabo. Amma fure ba ya fitowa da rabi da rabi. Sai an ɗaga zare na uku da na bakwai da na ashirin a wannan layin, a layi na gaba kuma a ɗaga wasu daban. Masaƙanmu idan za su sa ado a luru ko gwado, da yatsa suke tsinto zaren ɗaya bayan ɗaya. Mutanen Sin kuwa sai suka ɗaura wa zaren tsaye igiyoyi, suka kai su sama, suka ƙulla zanen adon tun da farko a jikin igiyoyin. Na sama ya ja ƙulli ɗaya, zaren da ake so kawai su ɗaga, na ƙasa ya cusa 'yan ƙananan ƙoshiyoyi masu siliki kala-kala da zaren zinariya. A birnin Nanjin, inda har yau ake wannan sana'a, tsayin masaƙar ya kai mita 4, kuma mutum biyun nan su yini cur ba su saƙa abin da ya wuce santimita 5 ko 6 ba. Bai kai tsawon ɗan yatsa ba! A 2009 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan saƙa cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu.

To, suna. Ni da za a bi tawa, "masaƙa mai bene" zan ce, don duk wanda ya ji zai hango wani a sama. Su ma masu abin, sunan da suke kiranta da shi yana ɗauke da kalmar bene da ta fure. "Masaƙar ja" ma ba laifi, sai dai a rubuce wani zai ɗauka launi ake nufi. Na saman kuma a ce masa "mai ja" kawai. Kada wani mai son ƙirƙira ya ce majanyi, wannan na goyo ne.

Kuma kada ka ɗauka abin ya yi mana nisa. A 1804, a birnin Liyon na Faransa, Joseph Marie Jacquard ya fito da na'ura mai aiki da katuna masu huji-huji, ta karɓe aikin wancan na sama. Jikokin wannan na'ura ne ke saƙa shaddar da ka ɗinka ta Sallah, har da Getzner ta ƙasar Ostiriya da ake rububinta a Kantin Kwari. Ɗauko atamfa da shadda ka fita rana. Adon atamfa bugawa aka yi a kan yadi. Na shadda kuwa launi ɗaya ne da jikinta, sai ka karkata ta furen ke walƙiya, domin a cikin saƙar yake.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Ta ce yaranta sun tsare ta: kalmar "masaƙa" mutane ce ko wuri?

Malama, duka biyun ne, kuma yaran sun yi tambaya ta masu hankali. Rubutun bokon Hausa ba ya nuna karin sauti, shi ne ya haɗa su. Idan wuri ko kayan aikin ake nufi, gaɓoɓin uku duk sama suke tafiya. Idan jam'in masaƙi ne, gaɓar tsakiya faɗuwa take yi. Ki sa su faɗi "na je masaƙa", sannan "masaƙa sun tashi", za su ji da kunnensu. Haka maƙera take, haka marina. Sannan ki ja musu kunne kan ƙugiya. Saƙi tufa ce ta manya, saki kuwa shi ne ke mayar da mace gidansu. Na taɓa ganin takardar jarrabawa da yaro ya rubuta "sarki ya ba shi saki", ni dai ban san yadda aka yi wannan auren ba.

Tunda muna nan, ga wata kalma da za ki ba su. Ina yaro akwai masaƙa huɗu a ƙarƙashin wata durumi a unguwarmu. Bayan sun gama wadari, wato jera zaren tsaye da ake yi ana kai da komo tsakanin turaku, sai su miƙe shi ya yi nisa, a ɗaure ƙarshensa a wani ɗan katako, a aza masa dutse. Da safe yana can bakin hanya. Masaƙi na saƙa yana naɗewa, shi kuma yana jan ciki a ƙasa kaɗan-kaɗan, ba ka ganin motsinsa, amma kafin la'asar ya iso gaban mai shi. Sunansa kunkuru. Ban san sunan da ya fi wannan dacewa da mai shi a Hausa ba.

Ta uku daga wani bawan Allah a Kumasi: "saka da mugun zare" ne ko "saƙa da mugun zare"? Ya ce shi a ganinsa sakayya ake nufi, kamar a ce ya saka alheri da mugunta.

Malam, da ƙugiya ne. Na gane abin da ya ruɗe ka, don "saka da" ta zauna a baki. Amma zaren da ke cikin maganar shi ne shaida: ba a biyan bashi da zare, saƙa ake yi da shi. Ma'anar ma ta bambanta. Sakayya tana zuwa ne bayan an yi maka wani abu. Wanda ke yi maka saƙa da mugun zare kuwa ba lalle ka yi masa komai ba, sharri yake ƙulla maka a ɓoye yana yi maka dariya. Ga yadda nake fahimtar hoton: ruɓaɓɓen zare idan ya shiga cikin saƙa, ba ya nuna kansa ranar ciniki. Sai an ɗinka riga, an sa, an shiga taro, sannan ta ɓarke.

'Yar'uwarta ita ce "saƙa da warwara", wadda ake faɗa wa wanda ya kwana yana ƙulla shawara yana kwancewa. Kada a haɗa ta da "tufka da warwara". Tufka ta igiya ce, kuma an fi faɗarta ga aikin da ake yi ana rushewa, kamar gwamnatin da ta kafa doka yau ta soke gobe. Ita saƙa da warwara a zuci take, shi ya sa muke da saƙar zuci.

Wani kuma ya haɗo da "zani ce ta tadda mu je", yana tambaya wane irin zane ne wannan. Ba zane ba ne, Malam. "Za ni" ce, ta tafiya: mai niyyar fita ya gamu da mai cewa mu je. In karin maganar zane kake so, ga "zanen aro ba ya rufe katara".