Amsa ga ƙanwarmu mai ciki kan Fansidar ɗin awo

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Na saurari muryar ƙanwarmu da ta ce cikin fari gare ta, wata huɗu, ta je awo an ba ta Fansidar, maganin rigakafin maleriya, ƙwaya uku, amma da yake ba zazzaɓi ba ciwon kai, sai ta jefa su a jaka. To ƙanwata, don Allah ki ɗauko su ki sha. Wallahi abin ya tsaya min a rai tun ɗazu.

Kin ga, maleriyar mai ciki ɓoyewa take yi. Ƙwayar cutar sai ta je ta lafe a mabiyiya, wurin da yaro ke samun abincinsa daga jininki. Kina harkokinki garau, ita kuwa tana ta fasa miki jini. Na sha jan fatar idon mace in ga cikinsa fari fat kamar takarda, tafin hannu ma haka, tana ce min lafiyarta lau. Nan ne ake samun ɓari, ko bakwaini, ko yaro ya zo bai kai kilo 2.5 ba. Kuma masu cikin fari irinki ta fi kamawa.

Shi Fansidar rigakafi ne. Ana fara shi daga sati 13, a bar wata ɗaya tsakani, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Amma mai shan Septrin kullum ba ta haɗa su, haka wadda Fansidar ya taɓa yi wa ƙuraje ko kumburi, ta faɗa wa ma'aikaciya tukuna. Gidan sauro mai magani kuwa, kowane dare, ko da ana zafi.

Yauwa, sai in zazzaɓi ya zo. Jiki ya yi zafi, rawar ɗari, ciwon gaɓoɓi, baki ya yi ɗaci, kar a ce laulayi ne. A ranar a je a tsira yatsa a gwada, minti 20 ya isa. In maleriya ce, Fansidar ba zai warkar ba, za a rubuta miki wanda ya dace da watannin cikin. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da Coartem, maganin warkar da maleriya, har a watanni ukun farko. Sau 6 ake sha cikin kwana 3, kar ki tsaya don kin ji sauƙi. Kuma kar ki karɓi ragowar maganin wani, irin su doxycycline ba na mai ciki ba ne.

In kuwa aka ga jijjiga, ko amai ba tsayawa, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi, numfashi sama-sama, ko yaro ya daina motsi, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, wannan sai allura.

Ƙanwata, ki rubuta ranar da kika sha, ki nuna musu a awo na gaba don su ƙirga wata guda daga nan. Allah ya sauke ki lafiya.