Amsar Wasiƙunku: Masu Gadin Akwatin Zaɓe A Amurka

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowa, duk kan Amurka. Ta farko ta zo a makare, amma na sa ta gaba saboda ita ce mai haɗari.

Assalamu alaikum Malam. Shekarata huɗu a Amurka da girin-kad, wato katin izinin zama na dindindin. Kwanaki wasu matasa da suka kafa tebur a bakin wani babban kanti suka miƙo mini fom na rajistar zaɓe, suka ce minti biyu kawai zai ɗauke ni. Gabana ya faɗi, na ƙi karɓa. Ga kuma maƙwabciyata, wata dattijuwa mai kirki, kullum maganarta ita ce baƙi na jefa ƙuri'a suna lalata musu zaɓe. Na yi daidai kuwa? Kuma gaskiya take faɗa?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Faɗuwar gaban nan ita ta cece ki. Kada ki taɓa sa hannu a wannan fom sai ranar da kika yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, takardar shaida na hannunki. A saman fom ɗin akwai tambaya guda: kai ɗan ƙasar Amurka ne? Wanda ya zaɓi "e" alhali ba haka ba ne ya yi ƙarya ƙarƙashin rantsuwa. Tun 1996 dokar tarayya ta mai da jefa ƙuri'ar baƙo a zaɓen tarayya laifi, kuma ɗaurin shi ne ƙaramin abu a ciki. Babban shi ne a ƙwace takardar zama, a tasa ƙeyar mutum. Ranar da kika je neman zama 'yar ƙasa, ga al'ada bayan shekara 5 da girin-kad, za a tambaye ki ko kin taɓa yin rajista ko jefa ƙuri'a. Yaran teburin ba za su je su tsaya miki ba. Yawancinsu ba mugunta suke ba, ba su ma san bambancin girin-kad da fasfo ba.

A 2017 kotu a Teksas ta yanke wa wata mata ɗaurin shekara 8. Tana jaririya aka shigo da ita daga Meziko, tana da girin-kad, tana da 'ya'ya huɗu, ta ce ita a zatonta ta cancanta. Abin tausayi da ban dariya a haɗe, 'yan Rifablikan ta riƙa zaɓa.

Maƙwabciyarki kuma, ki saurare ta kafin ki yanke mata hukunci. Hujjarta ita ce a mafi yawan jihohi ba a cewa mutum ya kawo takardar haihuwa ko fasfo kafin ya yi rajista, maganarsa ake ɗauka. Kuma akwai 'yan garuruwa, irin su Takoma Park a jihar Meriland, da suka yarda baƙi su yi zaɓen gari, abin da ke ƙara rikita mutane. To ƙofa dai a sakaye take. Tambayar ita ce mutum nawa suka shiga. Sakataren jihar Jojiya mai kula da zaɓe, Brad Raffensperger, ɗan Rifablikan ne kuma mai goyon bayan tsaurarawa. A 2024 ya sa aka tace rajistar jihar kaf, sunaye miliyan 8.2, aka samu baƙi 20. Ni ban yi mamaki ba. Baƙon da ke ɓuya ko ke lallaɓa takardarsa ba zai je ya rubuta sunansa da adireshinsa a littafin gwamnati don ƙuri'a ɗaya tal ba.

Maganin da su maƙwabciyarki ke nema shi ne dokar da za ta tilasta nuna takardar shaidar zama ɗan ƙasa wajen rajista. Majalisar Wakilai ta amince da ƙudurin da ake kira SAVE a Yulin 2024, ta sake amincewa a Afrilun 2025. Jihar Kansas ta riga ta gwada irin wannan daga 2013, ta tsayar da rajistar mutum sama da 30,000, kusan dukansu 'yan ƙasa ne da ba su da takardar a kusa, har kotu ta soke dokar a 2018. Matar da ta ɗauki sunan mijinta, sunan takardar haihuwarta ya bambanta da na lasisinta, ita ma tana cikin masu shan wannan wahala. Ki gaya wa dattijuwar wannan cikin ladabi, mai yiwuwa ita kanta abin ya shafa.

Malam, ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. Waɗannan ƙungiyoyin masu ra'ayin riƙau da ke cewa daga tushe suka taso, da gaske talakawa ne ko attajirai ke juya su? Kuma me ya haɗa batun baƙin haure da batun zaɓe?

Ɗan'uwa, duka biyun. Akwai kuɗin manya, akwai lauyoyi da gidajen rediyo masu hura wuta. Amma kuɗi ba ya zaunar da mutum awa uku a kan kujerar roba ranar Talata da yamma, kuma wannan zaman na gani da idona.

Na taɓa halartar taron hukumar zaɓe ta wata gunduma a kudancin ƙasar. Ɗaki ne ƙarami mai fitila fara, tuta a kusurwa, da agogo da ke ƙirga wa kowane mai magana mintunansa. Mu kusan talatin ne, kuma in ka cire ni da wani ɗan jarida mai gyangyaɗi, sauran duk furfura. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya ta miƙe da wani ƙaton fayil. Wata da watanni tana yanko sanarwar mutuwa daga jaridar garin da almakashi, tana liƙawa, tana dubawa da rajistar masu zaɓe. Ta karanto sunaye, muryarta na rawa, ta ce ga matattu nan a rajista. Magatakardar hukumar ta amsa mata a gajiye: wasu an riga an cire su, wasu suna ne ya zo ɗaya, ɗa da uba, kuma suna a rajista daban, ƙuri'a a akwati daban. Wanda ya ƙaura kuwa dokar tarayya ta 1993 ba ta yarda a goge shi haka kawai ba, sai an aika masa takarda an jira manyan zaɓuɓɓukan tarayya biyu sun wuce. Tsohuwar ta rubuta wannan a gefen fayil ɗinta, ta ce za ta dawo wata mai zuwa. Na tabbata ta koma.

Ƙarfinsu ke nan. Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda da ke gudanar da komai daga Washinton, ba ta da katin ɗan ƙasa na bai-ɗaya. Jihohi 50 kowace da dokarta, aikin kansa kuma yana hannun dubban ƙananan hukumomi. Inda iko ya warwatsu haka, wanda ya fi naci shi ke da rinjaye.

Salon ya fito fili a 2009. A watan Fabrairu wani ɗan jaridar CNBC, Rick Santelli, ya yi ta faɗa a talabijin daga kasuwar hada-hadar Chicago kan shirin Obama na tallafa wa masu bashin gida, ya kira a yi Tea Party, yana tuna zubar da ganyen shayin Ingila a tekun Boston a 1773. Kafin tsakiyar Afrilu gangami ya bazu ɗaruruwan garuruwa, a zaɓen 2010 kuma Rifablikan ta ƙara kujeru 63 a Majalisar Wakilai. A wannan zamanin ne Catherine Engelbrecht ta kafa ƙungiyar True the Vote a Houston, tana horar da masu sa ido a rumfunan zaɓe. Bayan 2020 sai dabara ta koma ƙasa sosai. Wani lauya a Arizona, Dan Schultz, ya daɗe yana cewa kujerun jam'iyya na matakin mazaɓa da yawa babu kowa a kansu, kuma masu waɗannan kujeru su ke zaɓen shugabannin gunduma, su kuma na jiha. Da Steve Bannon, tsohon mai ba Trump shawara, ya ɗauki maganar a shirinsa a 2021, dubbai suka je suka zauna.

Batun shige da fice ya girmi wannan duka, kuma tushensa jin an yaudare su ne. A 1986 Reagan ya sa hannu kan dokar da ta halatta zaman mutum kusan miliyan 2.7, da alkawarin za a tsare iyaka a hukunta masu ɗaukar baƙin haure aiki. Afuwa ta tabbata, tsarewa ta yi sako-sako. Tun daga nan duk wanda ya zo musu da "afuwa yanzu, tsaro daga baya" sai su ce an taɓa yi mana. A Yunin 2007 George W. Bush, shugaban ƙasa ɗan jam'iyyarsu ta Rifablikan, ya tura ƙudurin gyaran dokar shige da fice. Ƙungiyar NumbersUSA da masu shirye-shiryen rediyo suka sa jama'a kiran waya da aika faks har layukan Majalisar Dattawa suka cushe, ƙuduri ya mutu. A 2013 wani ƙudurin ya tsallake Dattawa da ƙuri'a 68 da 32, Wakilai suka ƙi ko taɓa shi. Mai son sanin dalili ya dubi Eric Cantor. A lokacin shi ne na biyu a jagorancin Rifablikan a Majalisar Wakilai, ya kashe sama da dala miliyan 5 a zaɓen fidda gwani na Yunin 2014, wani malamin tattalin arziki mai suna Dave Brat, wanda abin da ya tara bai kai dala dubu 300 ba, ya kayar da shi da zargin yana sassauci kan afuwa. Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sauran suka shafa wa nasu ruwa.

Inda batutuwan biyu suka haɗu akwai hujja mai nauyi da mara nauyi. Mai nauyin ita ce ƙidaya. Duk shekara 10 ana ƙirga duk mazaunin ƙasar, ɗan ƙasa da baƙo, mai takarda da mara ita, da wannan adadi ake raba kujeru 435 na Wakilai, wanda kuma ke shafar ƙuri'un wakilan zaɓen shugaban ƙasa. Wannan muhawara ce ta gaske, tsarin mulki ne ya tsara haka, mai so ya yi jayayya da shi. Mara nauyin ita ce cewa ana shigo da baƙi ne don su zama 'yan Dimokurat har abada. Zaɓen 2024 ya yi wa wannan magana illa: gundumar Starr a bakin iyakar Teksas, wadda kusan kowa a cikinta ɗan asalin Latin Amurka ne, ta zaɓi ɗan Rifablikan karo na farko cikin sama da shekara 100, Trump kuma ya zo na ɗaya a Dearborn, garin Larabawa da Musulmi a Mishigan.

In ra'ayina kake so, nacinsu yana burge ni, kuma neman katin shaida a rumfar zaɓe ban ga aibunsa ba in an sauƙaƙa samunsa. Kotun Ƙoli ma ta amince da irin dokar ta Indiyana a 2008. Abin da ba na so shi ne jifa a duhu. Gab da zaɓen raba gardama na Jojiya a Janairun 2021, True the Vote ta shelanta ƙalubalantar rajistar sama da mutum 360,000 bisa bayanan canjin adireshi na gidan waya. Soja da aka tura wani sansani da ɗalibin da ke karatu a wata jiha duk suna iya faɗawa irin wannan jerin.

Malam ka ji tsoron Allah. Kullum kana kare 'yan Dimokurat. Kowa ya san an sace zaɓen 2020.

Allah ya sa mu ji tsoronsa, Yallaɓai. Bari in kira shaidu daga gidan Rifablikan kaɗai. A Jojiya an ƙirga ƙuri'u kusan miliyan 5 sau uku, ɗaya da hannu, takarda bayan takarda, ƙarƙashin Raffensperger, Biden ya tsira da ratar 11,779. A Arizona 'yan Rifablikan na majalisar dattawan jihar suka ɗauko kamfanin da suka yarda da shi ya sake ƙirga gundumar Maricopa, ya fito da ƙarin ƙuri'a 99 ga Biden, ya rage wa Trump 261. Bill Barr, ministan shari'ar Trump a lokacin, ya ce a Disambar 2020 ma'aikatarsa ba ta ga maguɗin da zai canza sakamako ba. Ƙararraki kusan 60 suka faɗi, wasu a gaban alƙalan da Trump ya naɗa.

Ban ce ba a maguɗi a Amurka ba. An yi a 2018 a mazaɓa ta 9 ta Karolina ta Arewa. Ɗan takarar Rifablikan, fasto Mark Harris, ya yi gaba da ƙuri'a 905, sai aka lura alƙaluman ƙuri'un gidan waya a gundumar Bladen ba su yi kama da na ko'ina ba. Ashe wani ɗan kwangilar siyasa da ke yi masa aiki ya ɗauki mutane suna bi gida-gida suna karɓar takardun ƙuri'a, wasu ma su cike su. Hukumar zaɓen jihar ta ƙi tabbatar da sakamakon, ta zauna sauraron shaidu a Fabrairun 2019. Cikin shaidun har da ɗan Harris na cikinsa, lauyan gwamnati, wanda ya ce ya gargaɗi mahaifinsa kan mutumin tun kafin a ɗauke shi. Uban na zaune yana hawaye. Washegari shi da kansa ya ce a sake zaɓe, hukumar kuma, 'yan jam'iyyun biyu, ta amince baki ɗaya.