VLOOKUP ba ya ƙiyasi tsakanin lambobi biyu: shin sai na saka add-in?

Tambaya: Ni ke riƙe da lissafin wani gidan mai. Muna da jadawalin tanki a Excel, kowane santimita 10 da adadin litarsa: 120 ya yi daidai da lita 18,000, 130 kuma 19,900. Idan sandar awo ta nuna 124, VLOOKUP sai ya ba ni 18,000. An ce in saka add-in mai ƙiyasi. Yaya ake amfani da shi, kuma dole ne?

Amsa: Malam, VLOOKUP, wato umarnin Excel mai nemo lamba a cikin jadawali, bai yi kuskure ba, aikinsa ke nan. Idan ka sa masa TRUE a ƙarshe, in bai samu daidai wadda ka nema ba, yakan ɗauko mafi kusa da ke ƙasa da ita, ya tsaya nan. Shi ya sa 124 ya koma 120. Abin da kake buƙata shi ne a raba tazarar: tsakanin layukan biyu akwai lita 1,900, ka haura kashi 4 cikin 10, wato 760. Amsar ita ce 18,760. Lita 760 kuwa ba abin wasa ba ce a littafin gidan mai.

Add-in ɗan ƙarin shiri ne da ke kawo wa Excel umarnin da bai zo da su ba. Galibi fayil ne mai ƙarewa da .xlam ko .xll. Ana ɗora shi ta File, Options, Add-ins, sai ka danna Go, ka nemo shi da Browse. Daga nan za ka rubuta umarninsa a cikin akwati kamar yadda kake rubuta SUM: ka ba shi jerin zurfi, jerin lita, da awon da ka samu. Jerin zurfin ya tashi daga ƙarami zuwa babba. Idan daga intanet ka sauko da fayil ɗin, Windows kan toshe shi, sai ka shiga Properties ka zaɓi Unblock.

Amma ni ba zan ba ka shawarar ka fara da shi ba. Ranar da ka tura wa maigidanka lissafin, in babu add-in ɗin a kwamfutarsa, da zarar Excel ya sake lissafi sai saƙon kuskure na #NAME? ya cika akwatunan. A waya kuwa ba ya aiki sam.

Da abin da Excel ya zo da shi ma za ka gama. A ce zurfi yana A2:A30, lita B2:B30, awonka D2. A E2 rubuta =MATCH(D2,A2:A30,1), zai gano layin da ke ƙasa da awonka. A F2 kuma:

=FORECAST(D2,INDEX(B2:B30,E2):INDEX(B2:B30,E2+1),INDEX(A2:A30,E2):INDEX(A2:A30,E2+1))

Kula da nan, domin nan ake yawan zamewa. Kada ka miƙa wa FORECAST, umarnin da ke yin ƙiyasin, jadawalin gaba ɗaya. Zai ja miƙaƙƙen layi guda ta tsakiyar dukkan lambobin, alhali tankin da ke kwance a ƙasa zagayayye ne: santimita ɗaya a tsakiyarsa ya fi santimita ɗaya a gindinsa ɗaukar mai. Layuka biyun da suka sa awonka a tsakiya kawai za ka ba shi.

Inda add-in ke da rana shi ne kusa da gindin tanki ko bakinsa, wurin da lanƙwasar ta fi tsanani. Add-in masu umarnin spline, wato ƙiyasi da lanƙwasasshen layi, suna bin lanƙwasar maimakon su yanke ta miƙe. Ko a nan ɗin, in za ka samu jadawalin da aka auna santimita ɗaya-ɗaya daga waɗanda suka auna muku tankin, ya fi kowane ƙiyasi. Sannan idan awonka ya kai layin ƙarshe na jadawalin, F2 zai nuna saƙon kuskure na #REF!, don haka ka sa IF da zai ɗauko B30 kai tsaye a wannan yanayin.