Zan Iya Haɗa Zarton Inji Ɗaya Daga Biyu Da Suka Lalace?

Tambaya: Malam, ina da zarton inji guda biyu ƙirar Stihl 070. Ɗaya bishiya ta faɗo masa ta fasa rabin gidan injinsa, ɗayan kuma fistin ɗinsa ya ƙone. Zan iya haɗa lafiyayyun ɓangarorinsu su tashi zarto ɗaya? Daga wani mai yankan katako.

Amsa: Ɗan'uwa, yana yiwuwa, tunda ƙirarsu ɗaya ce. Sai dai ka sani cewa gidan injin nan rabi biyu ne da aka ɗaure, kuma ta cikinsa cakuɗen fetur da iska yake bi kafin ya hau saman fistin, saboda haka tilas ya rufu ruf. In iska ta sami kafar shiga, inji zai yi zafi fiye da kima, fistin ya sake ƙonewa.

Ka wanke rabi biyun sarai, ka duba tsagewa da kyau, musamman a mazaunin boris. Kada ka yi tsumulmular kuɗin gaskit da robobin da ke tare mai. Sababbi za ka saka, haka ma boris. A ɗumama gidan kafin a zaunar da boris, kada a buga shi da guduma.

Bayan an ɗaure, bakanike ya hura iska a ciki har matsinta ya kai kusan rabin bar (bar shi ne ma'aunin matsin iska), ya tabbatar ba ta zurarewa, sannan a tayar.