Shin gargadar iska tana iya kayar da jirgi?

Ɗan'uwa, ka ce tun ranar da jirgi ya yi ta jijjiga ku har kwanukan abinci suka watse kake jin tsoron sake hawa, kana tambaya ko gargadar iska tana iya kayar da jirgi. Da wuya ƙwarai. An ƙera manyan jiragen fasinja na yanzu yadda fikafikansu za su lanƙwasa su jure abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Haɗarin yana kan mutumin da bai ɗaura bel ba. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya shiga mummunar gargada, mutum 1 ya rasu, da dama suka ji rauni, amma jirgin ya sauka a Bankok.

Shawarata, bar bel ɗinka a ɗaure muddin kana zaune, ko da fitilar gargaɗi a kashe take. Akwai gargadar da ke zuwa sararin sama tangaran, babu gajimare, na'urar matuƙi ba ta hango ta. Irinta ta taɓa samun mu, ana cikin raba shayi. Wallahi sai da na ji hanjina ya taso, ina ta salati, maƙwabcina kuwa da ya kwance bel ɗinsa ya bugi rufi da ka. In kana da zaɓi, nemi kujera daidai fiffike, don wutsiyar jirgi ta fi kaɗawa.