Likita, kare ma yana tsoron duhu ne?

Tambaya: Salam likita. Ina da karen gadi, shekararsa tara a wajena, da can shi kaɗai yake zagaye gida cikin dare amma kusan wata biyu kenan da an ɗauke wuta sai ya zo ya maƙale a bakin ƙofata yana kuka yana kartar ƙofa, wani lokacin har karo yake da bokiti. Maƙwabta sun ce aljanu yake gani, mai kemis ɗin layinmu kuma ya ce in jefa masa tramol a abinci. Hankalina ya tashi don akwai yara a gidan.

Amsa: Wa alaikumus salam malam, ka kwantar da hankalinka tukuna. Eh kare yana iya tsorata da dare, amma da wuya ka ga duhun kansa ne matsalar, don lafiyayyen kare ya fi ni da kai gani a ɗan haske kaɗan, akwai wani shimfiɗi a bayan idonsa mai mayar da haske, shi ne kake ganin idon yana ƙyalli in ka haska masa tocila. Idan kare ya tsani dare, ko dai wani abu ya taɓa samunsa a lokacin, duka ko tsawa ko ɓarawo ya jefe shi, ko kaɗaici ne, ko kuma idon ne ya fara tafiya. Naka mai shekara tara da yake karo da bokiti, ido nake zargi, yanar ido ko dundumi, tsufa ma yana rikita musu ƙwaƙwalwa su kasa barcin dare. Ka kai shi asibitin dabbobi a haska idon, kafin nan ka sa masa ƙaramar fitilar sola inda yake kwana, a daina canza wa kayan tsakar gida wuri don da hanci da sabo yake tafiya yanzu, kuma dan Allah kar a dake shi.

Toh maganar aljanu, nan ne raina yake ɓaci wallahi. Ni ba malami ba ne kuma ban zo musun abin da ya zo a addini ba, ka ji haushin kare da dare ka nemi tsarin Allah, daidai ne, amma bayan ka nemi tsarin ka ɗauki tocila ka je ka duba dabbarka mana! Kullum sai an zo mana da wannan zance, kare ya canza hali farat ɗaya, ya daina cin abinci, yana shigewa ƙarƙashin mota ko lungun da ba haske, muryarsa ta dishe, yawu na dalala, yana cizon itace da sarƙarsa, sai gida kaf a ce ai gamo ya yi, a kunna masa hayaki a zauna jira, wani ma ya ce ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a bakin. Wannan fa haukan kare ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ka lura, mahaukacin kare ba gudun duhu yake ba, sau da yawa duhun yake nema ya ɓuya. Naka da ya yi wata biyu a haka ba shi ba ne insha Allah, don in alamomin suka bayyana da wuya kare ya wuce kwana 10 da rai, amma da ce min ka yi shekaranjiya ya fara da amsata daban ce.

Kuma ba ƙaramar cuta muke magana ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alama ta fito a jikin mutum kusan ba mai tashi. Amma har gobe in kare ya ciji yaro sai a tsigo gashinsa a ƙona a shafa a ciwon, a kashe karen a jefar a bola, shikenan an gama magani. Inna lillahi. Abin yi shi ne a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a wuce asibiti ranar nan a fara allura, karen kuma a killace shi kwana 10 likitan dabbobi yana dubawa. Ko yaƙushi ne, ko ya lashi ciwo a ƙafar yaro, duk ɗaya ne.

Shi kuma mai kemis ka ce masa ya ji tsoron Allah, kare ba ƙaramin mutum ba ne, tramol ba tare da awo ba zai iya sa shi farfaɗiya, farasitamol yana lalata masa hanta, ibuprofen yana huda ciki ya taɓa ƙoda.

Tambayar da zan yi maka ita ce yaushe rabon da a yi masa allurar rigakafin haukan kare? Ana fara ta ne kwikwiyo yana wata 3, a maimaita duk shekara, a nan Najeriya ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato tana haɗa ta. In kun je duba idon ka tafi da katinsa, in babu kati a yi masa allurar a buɗe sabo.