Re: Wai kayan da ke Jumia nasu ne?

Malam, ka tambaya wai kayan nan duk na Jumia ne ko na wasu, kuma ta ina suke cin riba. To gaskiya yawanci ba nasu ba ne, ƴan kasuwa ne ke sa hajarsu a shafinsu na saye da sayarwa a intanet, in an saya Jumia ta cire kamashonta ta ba mai kaya sauran, ga kuɗin kai kaya da na talla da suke karɓa. Kamar dillali dai, sai dai wannan dillalin yana da sito da masu babur.

A Legas aka fara a 2012 da jarin wani kamfanin Jamus mai suna Rocket Internet, shekarar da Konga, wani shafin sayayya irin nasu, ma ta fito. Abin da ya ja mutane shi ne sai kaya ya zo hannunka ka biya, don lokacin wa zai yarda ya sa lambar katinsa a intanet? Ni kaina wayata ta farko da na saya a Jumia sai da na juya kwalin gaba da baya na ga ba a ɓare shi ba kafin na ƙirga kuɗi.

A 2019 suka shiga kasuwar hannun jari ta New York, amma fa sun daɗe suna tafka asara, shi ya sa suka rufe sashen kai abinci a ƙarshen 2023.